Amanar Adar: Yadda Alkawari Ya Riƙe Duwatsun Keita

Da zarar an gama girbi, an kai dammunan hatsi rumbu, tashoshin mota na Keita da Tamaske da Buza sukan cika da maza masu ƙunshin kaya. Wasu Abijan suka nufa, wasu Kano ko Legas, wasu Agadas da abin da ke gaba da ita. Bida ke nan, tafiyar neman abin rufin asiri wadda Adarawa suka gada tun kaka da kakanni. Kafin mutum ya hau mota yakan zagaya gida uku ko huɗu. Ya shiga wurin wansa ya ce, "Yaya, ga iyali nan, amanar Allah." Ya bar wa maƙwabci mabuɗin rumbu, ya kai akuyoyinsa garken wani. Babu takarda, babu sa hannu. In ya yi wata biyu a can ya samu jaka ashirin ko talatin, ɗan garinsu mai dawowa gida zai damƙa wa, ko kuma, a zamanin nan, ya shiga ofishin aika kuɗi na Nita ko Al Izza ya turo, ya buga waya ya faɗi lambar.

Ƙasar da rabin mazanta ke barin ta kowane rani ba ta zaunuwa in mutane ba su iya riƙe abin da aka ba su ajiya. A tsaunukan Adar da kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Nijar, riƙon amana da tsayuwa kan magana su ne abin da noma da fatauci da aure suka jingina a kai, kuma su ne suka ɗauki nauyin aikin raya ƙasa mafi shahara da aka taɓa yi a yankin.

A fara da albasa, tunda ita ce ta kai sunan yankin nesa. Irin nan mai jan ɓawo da duniya ta sani da sunan Galmi ana noma shi a fadamun Madawa da Tamaske da Keita, a adana a cikin rudu, wato rumbun albasa, har farashi ya tashi. Manomi yakan ba dillali buhuna ɗari ba tare da ya karɓi ko dala ba. Dillali ya ɗora wa ɗan kasuwa, babbar mota ta yi kwana da kwanaki kafin ta isa Akara ko Kumasi ko Abijan, can kuma maigidan da ke karɓar baƙi ya raba wa mata masu sayarwa, su ma bashi. Sai kaya sun ƙare kuɗi ke biyo hanyar da albasa ta bi, su dawo hannu bayan hannu har bakin rijiyar da aka yi ban ruwa. Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga Hausawa suna cinikin shanu da goro a kan wannan tsari, ya kuma gane abin da ke riƙe da shi: wanda ya ci amana sau ɗaya, labari zai riga shi isa kowane zango, ba zai ƙara samun mai ba shi kaya ba. Ba wai ba a cuta. Manoman albasa sun daɗe suna kuka da buhu mai hula, wanda ake cusa wa kaya har ya yi tozo amma a biya kuɗin buhu ɗaya. Sai dai ko kukan nan, kuka ne na mutanen da suka san yadda ciniki ya kamata ya kasance.

Shekarar da ƙasa ta ƙi

A 1962 mutanen gundumar Keita ba su wuce 65,000 ba, kuma tsofaffi na tuna tuddan da ke rufe da itatuwa. Shekaru ashirin bayan haka abin ya zama labari. Farin farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi da itace, jama'a ta ƙaru, gatari ya cinye abin da fari ya rage. Saman tuddai ya koma faƙo, ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga. In an yi ruwan sama, maimakon ya nutse sai ya kwararo gangare da ƙarfi, ya faɗa korama, ya yaga gefen fadama, ya tafi da gonar da ta fi kowace albarka. Iska kuma ta turo rairayi kan abin da ya saura.

Sai 1984 ta zo. Damina ta lalace, Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Afrilu, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke, har mutane suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. A watan Mayu na shekarar gwamnatin shugaba Seyni Kountché ta tara ƙwararru a Maraɗi don shawara kan hamada. A shekarar ce kuma aka buɗe aikin da takardu ke kira shirin raya karkara na Adar Dutsi Majiya, mutane kuwa suka taƙaita, suka ce furojen Keita. Italiya ta ba da kuɗi, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta riƙe ragama tare da ma'aikatan Nijar, hukumar PAM, ita ma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kawo abincin da za a biya leburori da shi. Wani Ba'italiye, Renato Carucci, shi ya jagoranci ɓangaren fasaha shekaru masu yawa, har yau sunansa bai ɓace a bakin dattawan yankin ba.

Shawarar da aka yanke ita ce a tare ruwa tun daga inda ya faɗo, kafin ya yi ƙarfi. A saman faƙo tarakta ta tsaga ƙasa, katafila ta tayar da kunya mai tsawon kamar mita 80, mutane suka bi ta da hannu suna jera mata duwatsu don kada ruwa ya cinye ta. A jikin tsauni, inda na'ura ba ta hawa, sai diga da shebur: rami mai tsawon mita 3, zurfinsa ya ɗan haura rabin mita, a gicciye da gangare, sama da 700 a hekta ɗaya, kowanne da ɗan itace a tsakiyarsa, bagaruwa ko ɗakwara ko wani mai jure ƙishi. A cikin koramu aka gina shingaye na ragar waya cike da duwatsu, don ruwa ya rage gudu, ya baje, ya sauke laka. A wasu kwaruruka aka yi madatsun da ke riƙe ruwa har cikin rani. Dabarar ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya. Manoman Adar sun daɗe suna jera duwatsu a gonakin gangare, abin da suke kira gandari. Abin da furoje ya kawo shi ne girma, da mota, da abinci.

Su wa suka ɗauki dutsen

Maza sun tafi bida, wannan karon har da waɗanda ba su saba tafiya ba. Waɗanda suka rage a ƙauyuka mata ne da tsofaffi da yara, don haka mata ne suka cika wuraren aiki, musamman a shekarun farko.

Ya kamata a tsaya a dubi yinin mace ɗaya a wurin. Ta tashi tun asuba ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta dama fura a gora, ta goya yaro. Ta taka zuwa gindin tsauni, wani lokaci tafiyar sa'a guda. Ta naɗe gammo, wata ta taya ta ɗora dutse baƙi mai kaifi wanda rana ta riga ta gasa, ta hau da shi, ta sauke, ta sauko ta ɗauki wani. Tafin hannu ya tsage, ƙafa ta sha ƙaya. In rana ta karkata, mai rubuta suna ya buɗe littafinsa ya yi ɗan zane a gaban sunanta. Wannan zanen shi ne ladan yinin. Ba ta komawa gida da tiya ko ɗaya a ranar. Sai kwanaki sun taru motar abinci za ta zo, a auna mata hatsi da mai da 'yan kayan haɗi gwargwadon zanen da ke littafin, littafin da mafi yawansu ba su iya karantawa ba.

Rahotannin ƙasashen waje sun saba cewa an taimaki matan Keita. Gaskiya ne, amma akwai rabin maganar da ba a cika faɗa ba: su ne suka fara ba da bashi. Kowace safiya mace na ba furoje ƙarfinta a kan alkawarin abincin da bai iso ba, tana dogara ga amanar mai rubutu, da shugabar ƙungiyarsu, da direban da ba ta taɓa gani ba, da wani ofis a Roma. A shekarar yunwa, yini guda da aka ba wani kyauta ba ƙaramin abu ba ne, don da shi za a iya yin itace a sayar ko a tsinko ganyen da za a kwaɗa. Da motar ta saɓa alkawari sau biyu ko uku a jere, da wurin aiki ya watse, kuma da ba wanda zai ga laifinsu. Aikin ya ɗore shekara da shekaru ne saboda a mafi yawan lokuta abin da aka ce zai zo ya zo, su kuma ba su yi ha'inci a aikin da ba mai iya duba kowane dutsensa ba. Ramin da aka haƙa rabi, ko shingen da aka jera da ganda, damina ɗaya ke tona asirinsa. Da yawa daga cikin nasu sun haura shekara talatin suna tsaye.

Lissafin da masu binciken Italiya suka tattara na kusan shekaru ashirin ɗin farko ya nuna an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 34,000, an dasa itace sama da miliyan 18, an buɗe hanyoyin karkara fiye da kilomita 300, an gina rijiyoyi kimanin 700, ban da makarantu da ɗakunan shan magani da rumbunan ajiya. Kwanakin aikin hannu da aka zuba sun kai kimanin miliyan 12. A farkon shekarun 1990 aka faɗaɗa aikin zuwa Buza da Abalak. Hotunan tauraron ɗan adam na kafin aikin da na bayansa sun nuna duhun itace a wuraren da a da babu komai sai jan dutse.

Duk da haka ba kowa ne ya yarda a tsaya a yabo ba. Benedetta Rossi, masaniyar tarihi da zamantakewa wadda ta zauna a Adar ta yi nazarin furojen, ta fitar da littafi a 2015 kan tarihin aiki da bauta da agaji a yankin. Ta nuna cewa abin da takardun furoje ke kira sa kai, ga masu yinsa aikin neman abinci ne, kuma waɗanda suka fi daɗewa a kansa su ne mafi talauci, da yawa daga zuriyar waɗanda aka taɓa bautarwa, masu ƙarancin gona da ƙarancin murya a gari. Wannan magana tana da nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa cika alkawari, domin ba shi da wani jari sai sunansa. Idan aka ɗauki wannan cikawar tamkar kyauta, ba a tambayi me ya samu a ƙarshe ba, an zalunce shi.

Tambayar kuwa ta taso da wuri. Faƙon da ba mai kallonsa jiya, yau ya fara ba da dawa da ciyawa, nan da nan ya samu masu shi. Wani ya ce kakansa ne ya fara sassabe wurin. Makiyayi ya ce hanyar dabbobinsa ce tun kafin a haifi mai maganar. Matan da suka jera duwatsun sau da yawa ba su ne aka fara tunawa da su ba wajen rabo, ko da yake a wasu ƙauyuka ƙungiyoyinsu sun samu fili. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye don a riƙa rubuta wane ne ke da me, matakin da ya rage rigima a inda aka yi aiki da shi da gaske.

Itacen wa?

Kudu da Keita, a kwarin Majiya cikin gundumar Buza, an riga an sha irin wannan darasi. Tun 1975 ma'aikatan daji na Nijar da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tazarar mita 100 tsakani, don karya iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, aka ɗauki masu gadi don hana dabbobi cinye su suna ƙanana, kuma binciken da aka yi ya nuna amfanin hatsi a bayan shingen ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Amma manomin da itace ya ci masa gefen gona yana da tambaya ɗaya: in ya girma, na wa ne? Dokar daji ta wancan zamani ta sa itace a hannun hukuma, mutum na iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonarsa. Sai da aka fara sassaƙe rassan ana raba itacen ga jama'ar ƙauyuka, mutane suka ga alkawari ya zama azara da itacen girki, sannan hankali ya kwanta. Haka abin ya kasance a Maraɗi, inda manoma suka koma barin tohon kututture ya girma a gona, aikin da ake kira sassabin zamani. Ya bazu a miliyoyin hekta ne bayan da manomi ya tabbata ba wanda zai zo ya ƙwace masa abin da ya raina. Dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙara wa wannan fahimta ƙarfi.

Ba za a ce wa mutum ya riƙe amanar abin da ba a yarda da shi a kansa ba. Shekarun da hukuma ta yi tana kallon manomi a matsayin ɓarawon itace su ne shekarun da itace ya fi ƙarewa.

Kwaɗo uku, mabuɗi uku

Akwai wani abu da matan karkarar Nijar suka koya wa duniya, kuma ya shiga ƙauyukan jihar Tawa sosai. A 1991, a jihar Maraɗi, CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashen da mata suka saba. Mata ashirin zuwa talatin kan haɗu duk mako a ƙarƙashin inuwa, a shimfiɗa tabarma, a ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya. Kwaɗo uku ne a jikinsa, mabuɗan na hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da mabuɗi ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. A ƙirga kuɗi da ƙarfi, kowa ta ji, kowa ta riƙe a ka abin da aka rufe a kai, mako mai zuwa a tambaya kafin a buɗe. Mai bukata ta ranta, ta biya da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba. Tsarin nan yanzu yana aiki a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Wani zai ce kwaɗo uku alamar rashin yarda ce. Matan da ke zaune a tabarmar sun fi shi sanin mutum. Sun san mai ajiya ma tana da ɗa mara lafiya da miji mai matsa mata, don haka suka sauke mata nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In mijin ya ce ta ɗan taɓa akwatin, amsarta a shirye take: "Malam, ai ba ni da mabuɗi." Tsarin jinginar hatsi da wani shirin FAO ya yaɗa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 haka yake tafiya. Manoma su tara amfaninsu a ɗakin ajiya lokacin kaka, asusun bashi ya ba su rance a kansa, a sa wa ƙofa kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusu. In farashi ya tashi gab da damina a buɗe tare, a biya bashi, riba ta zauna a gida maimakon ta tafi wurin mai sayen kaka.

Bayan motoci sun tafi

Tallafin Italiya ya ci gaba da sunaye daban-daban har ƙarshen shekarun 2000, sannan ya ja baya. Jama'a kuwa ba su tsaya ba: daga 65,000 sun kai kimanin 230,000 a 2003, ƙidayar 2012 ta samu sama da 330,000 a gundumar Keita. Bakunan da ke jiran abinci sun ninka fiye da sau biyar a kan ƙasar da ba ta ƙara faɗi ba, shi ya sa bida ba ta ragu ba duk da itatuwan da suka tsiro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, motocin albasa suka koma dogon zagaye ta Burkina Faso, kaya suka riƙa ruɓewa a hanya, sarƙar bashin nan da ta taso daga fadama har bakin teku ta sha jijjiga. Wanda ya yi asara a Akara, manomin Tamaske ne ke jin ta bayan wata biyu.

A kan tuddai kuma akwai aikin da ba a rubuta a littafin kowa. Ragar waya takan yi tsatsa ta tsinke, in ba a ɗaure ta kafin damina ba ruwa zai zare duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Madatsa takan cika da laka. Kunya in ta fashe a wuri ɗaya, ruwan da ta tara zai bi ta nan ya haƙa sabon kwazazzabo wanda ya fi na da muni. Gyaran irin wannan ba ya buƙatar katafila. Mutum goma da kwana biyu sun isa, in an yi a kan lokaci. Matsalar ita ce wa aka damƙa wa. An kafa kwamitocin ƙauye tun zamanin furoje, wasu suna aiki, wasu sun mutu tare da dattawan da suka riƙe su. Ƙananan hukumomin Keita da Tamaske da Garhanga da Ibohaman, waɗanda aka fara zaɓen majalisunsu a 2004, sun gaji ayyukan ba tare da kuɗin kula da su ba, a watan Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo.

Masu ba da tallafi sun fi son sabon aiki, wanda za a ɗauki hotonsa a ƙirga hektocinsa. Shirye-shiryen da ake yi yanzu na biyan kuɗi ko abinci don haƙa ramukan tare ruwa na rabin wata da tassa suna da amfani, ba mai musun haka. Amma a Keita abin da ya fi gaggawa shi ne a bi tsofaffin shingaye kwari bayan kwari, a rubuta wanda ke tsaye da wanda ya fara zubewa, a ba kowanne mai kula da aka sani da suna, a ware masa lada ko da kaɗan ne, a kuma tabbatar wa matan da suka gina su, da 'ya'yansu, haƙƙin noma da kiwo da itacen wurin a rubuce a gaban kwamitin filaye. Yawancin waɗanda suka ɗauki dutse a 1984 yanzu sun haura shekara sittin, kuma su ne suka san inda kowane shinge ya fi rauni da hanyar da ruwa ke bi in ya yi fushi. Duk mai niyyar yin wannan lissafi, wurinsu ya kamata ya fara zuwa, tun suna da ƙarfin hawa tudu su nuna masa.